Ƙullin Kara a Gonar Baba

Tun daga bakin kwalta na fara jin ƙarar. Na san kukan injin niƙa na unguwarmu a Kazaure, na san na injin ban-ruwa, amma wannan ban taɓa jin irinta ba. Kamar wani abu mai haƙora ne yake ta tauna ba ya haɗiyewa. Ɗan acaɓan da ya ɗauko ni daga Gwiwa ya ce masu kwashe kara ne, tun safe suke aiki. Na tambaye shi gonar wa, ya ce bai sani ba. Ni kuwa gabana ya riga ya faɗi, domin a duk wannan ɓangaren babu gonar da karan cikinta ke tsaye har lokacin sai ta Baba.

A cinyata akwai ƙunshin kanwa da goro. Baba ne ya aiko ni in rataye su a jikin tsamiyar da ke bakin gona, saboda baƙonsa ya kusa isowa.

Baƙon nan wani dattijon makiyayi ne da mu yara muke kira Baffa. Kowace shekara, idan an gama girbi, yakan gangaro da shanunsa daga arewa, ta bayan Babura, ya sauka a gonar Baba. Shanu su ci karan dawa da na gero, su kwana a wurin, su bar taki. Haka iyayensu suka yi, haka su ma suka tashi suka tarar. Ba takarda, ba shaida, Baffa ko waya bai taɓa riƙewa ba. Abin da ke tsakaninsu alama ce guda: idan Baba ya kwashe amfaninsa, sai ya je kusurwar gabas ta gonar, ya haɗa kan kara uku da ke tsaye, ya ɗaure su da ganyen kaba. Ma'anarsa, na gama, gona taka ce, shiga. Baffa ba ya zuwa gida neman izini, ba ya aike. Ƙullin yake dubawa. Sai shanu sun natsu sannan zai sa rigarsa mai kyau ya shigo Kazaure su gaisa, su zauna a zaure suna tsokanar juna, Baba ya ce masa ɗan daji, shi kuma ya ce wa Baba Kaɗo sarkin tuwo. Ranar tashi kuma matar Baffa takan bar mana ƙwaryar man shanu.

Ina ƙarama ana tafiya da ni. Baffa yana da 'ya sa'ata, muna zama a ƙarƙashin tsamiyar tana koya mini sunayen shanu, ni ina karanta mata waƙoƙin da nake rubutawa a bayan littafin lissafi, tana dariya har da riƙe ciki. Ƙarar da na sani a gonar nan ke nan: dariyarta, da ɓas-ɓas ɗin kara a bakin saniya, da iska tana bi ta cikin busassun ganye kamar mata suna raɗa a gidan biki.

A shekarar da nake ba da labari, Baba ya daɗe da barin aikin gwamnati, kuma ciwo ya taɓa masa ɓarin jiki na dama. Harkar gona ta koma hannun yayana, babban ɗansa.

Ba zan zalunci Yaya ba, ko da yake raina yana so. A ranin da ya gabata wasu masu farautar gafiya sun cinna wuta ta wajen Roni, iska ta ɗauke ta, ta bi karan gonaki har ta kai ga rumbunan wani ƙauye. Yaya ya je ya gani da idonsa, ya dawo rigarsa tana warin hayaƙi, bai iya cin abinci ba. Saboda haka da wasu samari suka zo yankinmu da wata manhaja ta waya, shi ne na farko da ya buɗe musu ƙofa. Tsarin nasu shi ne, mutum ya zaga iyakar gonarsa da waya a hannu, gonar ta fito a taswira. Daga sama, wai ta tauraron ɗan'adam, manhajar tana ganin inda busasshen kara da ƙaiƙayi da rassan itace suka taru, sai ta shafa wa wurin ja. Kana danna wani wuri, sai a turo mota da inji a kwashe, a kai inda ake dunƙula shi ya zama gawayi. Idan an share, jan ya koma kore.

Na tuna yammacin da Yaya ya kawo wa Baba maganar. Ina zuba wa Baba ruwan alwala Yaya ya shigo zaure, ya durƙusa, ya miƙa waya.

"Baba, duba nan. Wannan jan da ka gani, gonarka ce."

Baba ya gyara tabarau da hannun hagu. "Gonata ja ce? Yaushe aka yi mata fenti ban sani ba?"

"Alamar haɗari ce, Baba. Duk maƙwabta sun kwashe sharar gonarsu, mu kaɗai muka rage."

"Sun kwashe me?"

"Shara. Haka manhajar ta rubuta."

"To ka gaya wa manhajar ina gaishe ta," in ji Baba. "Ka ce mata abin da saniya za ta ci ta mayar mini da shi taki, a gidan nan ba a kiransa shara."

Yaya ya yi ta bayani. Ya kawo maganar rumbunan da suka ƙone, ya ce Baffa yakan makara wani lokaci, kafin ya iso wuta tana iya riga shi. Baba ya saurare shi har ƙarshe, yadda ya saba sauraron mutane a ofis, sannan ya ce a yi wa gonar shara a kewayenta, a bar fili tsakaninta da maƙwabta yadda wuta ba za ta tsallaka ba. "Amma karan ciki a bar shi. Akwai mai shi."

Yaya ya ce to. Wannan "to" ɗin har yau ina jin sa a kunnena, santsi gare shi kamar sabulu.

Bayan 'yan kwanaki Baba ya matsa sai an kai shi gona ya yi ƙullinsa. Yaya ya ce yana da uzuri. Wani maƙwabcinmu ya ɗauke mu a motarsa, ni da Baba. Da ƙyar muka isa kusurwar gabas, yana dogara sanda, yana dafe da kafaɗata. Hannun dama ya ƙi ba shi haɗin kai. Ni na haɗa kan karan na riƙe, shi ya zagaya kabar da hagu, ya kama ɗaya bakin da haƙori ya ja. Ƙullin ya fito a karkace. Ya tsaya yana haki yana kallonsa, sai ya yi dariya.

"Uwata," ya ce, don haka yake kirana, "mutumina zai ce tsufa ya kama Kaɗo."

Wannan ƙullin nake tunani lokacin da acaɓa ya sauke ni a bakin gona ranar da na ji ƙarar.

Rabin gonar ya riga ya tafi. Ƙarti suna sara, wasu suna jidowa suna cusa wa injin, shi kuma yana amayar da gutsattsari a bayan wata a-kori-kura. Ƙasar da aka share ta kwanta tsirara, har kunyar kallonta na ji. Yaya yana tsaye a inuwar tsamiya tare da wani saurayi mai riga ruwan ɗorawa mai ɗaukar ido, kawunansu a haɗe kan waya.

Da ya gan ni fuskarsa ta ɗan canja, sannan ya gyara ta.

"A'a, Malama mai waƙe! Wa ya kawo ki cikin rana?"

"Baba ya san da wannan?"

"Baba ba shi da lafiya. Ni ne a kan gonar."

"A gabana ya ce a bar karan, Yaya. A gabana ka ce to."

Saurayin ya sa baki, yana murmushi irin na wanda aka koya wa murmushi a wajen taro. "Hajiya, ki kwantar da hankalinki, alheri ne. Wannan duk da kike gani makamashin gobara ne. Mu muna ceton rayuka ne da dukiya."

"Da kai nake magana?" na ce masa.

Ni kaina na yi mamakin muryata. A gida ni ce wadda ake cewa ko kaza ba ta iya kora. Saurayin ya ja baya, ya shiga latsa wayarsa.

Yaya ya matso, ya rage murya. "Ke kin san waƙa, ni na ga awaki sun zama gawayi a turke. Idan wuta ta tashi daga nan ta cinye na mutane, ke za ki je gaban mai gari da baitocinki? Ko Baffan naku ne zai zo ya kashe ta da nono?"

"To ka bar kusurwar gabas. Ka bar ƙullin kawai."

"Idan aka bar wani wuri ba ta komawa kore. Sai an share duka take karɓa."

"Wa zai karɓa? Waya?"

Na juya na nufi gabas da gudu, mayafina yana sarƙewa a kututturan kara, ƙunshin kanwa yana dukan ƙirjina. Ban kai ba. Ina kallo wani ƙato ya sa lauje ya ɗebe karan ukun a sara ɗaya, ya haɗa da sauran ya saɓa a kafaɗa. Na yi masa magana, ƙarar inji ta shanye muryata. Na ga kabar tana lilo a bayansa, da karkataccen ƙullinta da sawun haƙorin Baba, har ya cusa damin a bakin injin.

Da suka gama, wayar saurayin ta yi wani ɗan ƙara mai daɗi, irin na ƙararrawar keken yara. Ya ɗaga ta yana nuna mini daga nesa, har yanzu yana neman shiri.

"Hajiya, kin gani? Ta zama kore!"

Na dubi gonar. Babu ko tsinke. Jar ƙasa ce shimfiɗe har inda ido ya tsaya, ga sawun taya ya ratsa ta. A rayuwata ban taɓa tsanar wani abu kamar yadda na tsani wannan ɗan koren da ke cikin tafin hannunsa ba. Na so in karɓe wayar in jefa wa injin ita ma ya tauna.

Na ce wa Yaya, "Ka share maganar Baba tun yana da rai."

Ya ce in hau babur ya mayar da ni gida. Na ce gara in taka. Na taka ɗin kuwa har bakin kwalta, kanwa da goro suna hannuna, don ban ga amfanin rataye su a gonar da ba abin da saniya za ta lasa ba.

Ina isa gida na gaya wa Baba komai. Umma tana ta ƙifta mini ido saboda hawan jininsa, ban kula ba. Baba ya ci gaba da murza carbinsa. Da Yaya ya dawo, ban ji an ɗaga murya ba, kuma hakan ya ba ni haushi. Na so a yi tsawa a gidan. Abin da kawai Baba ya ce shi ne:

"Ka sa ni jin kunya. To, aikin gama ya gama. Mutumina zai zo ya tambaye ni, in ba shi haƙuri. Kai kuma ka riƙa leƙa gonar. Duk ranar da ka gan shi, ka kawo mini shi nan, ko ƙafarsa za ka kama."

Yaya ya sake cewa to.

Baba ya sa aka sayo harawa mai yawa aka jibge a kan soro, wai ko ba ta kai karan gona ba, shanun mutuminsa su sami abin taɓawa. Daga nan ya shiga jira. Kowace safiya sai a fitar masa da kujera ƙofar gida, ya zauna yana fuskantar hanya. Idan ya hango mai malfa da sanda a kafaɗa sai ya ɗago, mutumin ya wuce, ya koma ya jingina. Duwatsun Kazaure suna bayansa, shi ma ya zama kamar ɗaya daga cikinsu. Idan Yaya ya dawo daga Gwiwa, kafin ya kafe babur Baba zai tambaya.

"Ka gan su?"

"Ba kowa, Baba."

A lokacin Yaya ya zama wakilin masu manhajar a yankin, shi ke zaga gonakin mutane yana sa su a taswira. Shi ma an ba shi rigar ruwan ɗorawa. Na daina wanke masa kaya, na daina kai masa abinci. Idan ya shigo tsakar gida sai in tashi. Umma ta yi faɗa har ta gaji. Wuta ba ta tashi a ɓangarenmu ba a wannan ranin, Yaya kuwa bai bar kowa ya manta da hakan ba. Wataƙila ma yana da gaskiya. Ban damu ba a lokacin, yanzu ma ban damu sosai ba.

Wata rana ya dawo da man shanu a cikin robar fenti, ya miƙa wa Umma ya ce a kasuwar Gwiwa ya saya. Aka yi tuwon dawa miyar kuka, aka zuba wa Baba man a kai. Ni nake zaune kusa da shi, saboda hannunsa. Ya kai loma ɗaya, ya tsaya. Ya sunkuya ya shinshina kwanon.

"Wannan man kamar na gidan mutumina," ya ce. "Matarsa tana turara ƙwarya kafin ta zuba."

"Duk man Fulani ai ɗaya ne, Baba," in ji Yaya daga bakin ƙofa.

"Haka ne," Baba ya ce. Ya cinye tuwon tas, abin da ya daɗe bai yi ba, har ya sa na ƙara masa man.

Harawar kan soro ta bushe ta yi fari, iska ta riƙa ɗibarta kaɗan-kaɗan, ragowar kuma awakin unguwa suka samu. Damina ta zo ta wuce. Da aka yi girbi Baba ya sa aka sake kai shi ya yi ƙulli, wannan karon ya kafa wa Yaya ido har ya sunkuyar da kai, aka bar karan. Ya tsaya har ya ruɓe a tsaye, ba wanda ya zo. Baba ya yi ta aike wajen dillalan shanu a Babura, kowa ya ce an daina ganin Baffa ta wannan hanyar. A ƙarshe ya daina tambaya. Abin da ya tsaya masa a rai, ya faɗa mini sau ɗaya, ba rashin takin ba ne.

"Ko zagi ne ai ya zo ya yi mini, Uwata. Ashe ban kai a zo a zage ni ba."

Da wannan ya rasu. Ya tafi yana ganin abokinsa ya ji labarin gonar daga nesa, ya yi fushi, ya yar da shi ko waiwaye babu.

Shekaru sun shuɗe. Na gama karatu, aka tura ni koyarwa Babura. Wata ranar kasuwa ina ratsawa ta wajen masu nono, sai na ji an yi dariya a bayana, irin wadda ake riƙe ciki. Na juya. Ta yi ƙiba, ga goyo a bayanta, amma ita ce, 'yar Baffa.

"Ƙawata mai waƙa!" ta ce. "Har yanzu kina yi wa shanu baiti?"

Muka rungume juna a tsakiyar kasuwa. Ta ja ni inuwa, ta dama mini fura. Na gaya mata rasuwar Baba, ta yi salati, ta ce Baffa ma ya rasu a can yamma inda suka koma. Sai na kasa riƙe abin da ke cikina.

"Me ya sa ba ku zo ba? Baba ya jira ku har ya mutu."

Ta ajiye ludayi. "Wa ya ce ba mu zo ba?"

Ta ce sun zo a wannan shekarar, a kan lokacinsu. Suka tarar da gona kamar an lashe ta. Baffa ya taka har kusurwar gabas, ya duba, ya sake dubawa, babu ƙulli. Suna tsaye sai ga yayana a babur da wata riga mai haske. Baffa ya tambaye shi lafiyar Malam, wato Baba, ya ce lafiya lau. Ya tambaye shi, Malam ne ya ce a share? Yaya bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya sunkuyar da kai yana kallon wayarsa. Baffa ya gyaɗa kai. Ya ce wa iyalinsa mutum ba ya share gonarsa haka sai yana da maganar da kunya ta hana shi faɗa da baki, saboda haka ba wanda zai je gidan a ƙara masa nauyi. A ranar suka juya shanu.

"Amma bai yi fushi ba," ta ce. "Har ya sa Innata ta sauke ƙwaryar man da ta tanadar muku, ko da yake shanunmu ko kara ɗaya ba su ci ba. Da hannunsa ya miƙa wa yayanki. Ya ce a kai wa Malam, a ce masa ɗan daji ya gode."